Numfashi da Huhu Ɗaya



Wanda ya taɓa raka mara lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka ce sai an buɗe ƙirji saboda mugunya ta taru ko haɗarin mota ya karya haƙarƙari, ya san zaman ƙofar tiyata. Ana ta yi wa mai riƙe da wuƙa addu'a. Yau ina so mu tuna da wanda ke tsaye ta wajen kai, likitan sa barci.

Da an buɗe ƙirji, huhun ɓangaren nan sai ya sace kamar tayar keke. Wannan ya daɗe yana hana likitoci sakat. A 1904, a birnin Breslau, wani Bajamushe, Ferdinand Sauerbruch, ya gina ɗaki na musamman, aka zuƙe wa ɗakin iska kaɗan. Likitoci na ciki, gangar jikin mara lafiya na ciki, kansa kuwa yana waje, ta wata ƙofa da aka naɗe da roba a wuya. Kai a waje, jama'a! Duk don kada huhu ya kwanta.

A 1949 Eric Carlens na Suwidin ya fito da bututun numfashi mai hanya biyu. Yanzu da gangan ake kwantar da huhu ɗaya, mutum ya rayu da ɗaya har a gama. Amma jini bai daina bi ta kwantaccen huhun ba, sai ya dawo ba oksijin.

Nan kunnen likitan sa barci ke aiki. Akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa, fasahar Takuo Aoyagi na Japan. Tana ƙara, ɗil, ɗil. Oksijin na raguwa, muryarta na yin ƙasa. In lambar da take nunawa ta sauka ƙasa da 90, sai a ƙara oksijin, a duba ko bututu ya goce, a zuƙe majina. In ta ƙi, a ce wa mai wuƙa, dakata, a sake hura huhun.

Wani bincike a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna na'urar ta fi yin kuskure a baƙar fata, wato irin tamu. 'Yan uwa mata kuma, in ma'aikaciyar jinya ta ce a goge jan farce kafin tiyata, wannan na'urar ce dalili.