Kamshaf ɗin "sipor" ba ya fid da mota daga rairayin Kurfai

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan mota da ke shigowa ta Kwatano suka yi tsada, sai gyara ya koma na haɗe-haɗe. Abin da aka samu a Katako ta Yamai ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, shi ake ɗaurawa. A cikin wannan hali ne wata magana ta bazu tsakanin direbobin Filinge ta ƙasar Kurfai: wai in aka sa wa tsohuwar Corolla ko Carina kamshaf ɗin injin da ya fi nata girma, ko na motar tsere da suke kira "sipor", za ta ƙara ƙarfi, ta ja kaya ba gardama. Maganar nan tana cin kuɗin talakawa.

Inji mai kamshaf biyu tsohon abu ne. Peugeot ta ci tseren Faransa da shi a 1912, Alfa Romeo ta fito da nata a 1954, Toyota ta kawo 4A-GE a 1983, sannan 4A-FE a 1987, wanda ya cika hanyoyinmu. Kamshaf sanda ce: ɗaya tana buɗe bawul ɗin shigar iska da mai, ɗayar tana buɗe na fitar hayaƙi. Tozon da ke jikin sandar shi ke yanke lokacin da bawul zai buɗe, zurfin buɗewar, da daɗewarsa a buɗe. A Turai masu son tsofaffin motoci suna haɗa kamshaf iri biyu, gaskiya ne, amma da ma'auni a hannu, bayan sun lissafa kowane digiri.

Duk wanda ya ga mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san taɓarya ɗaya tana sauka ne daidai lokacin da ɗayar ta tashi. A kawo wata mai ƙarfi wadda ke jinkirin ɗaga tata, dakan ba zai yi sauri ba, sai dai taɓare su yi karo, gero ya watse. Haka abin yake a inji: kamshaf ɗin tsere yana barin bawul ɗin shiga a buɗe har fistan ya yi nisa da hawowa. In injin yana gudu sosai, iskar da ta taho da ƙarfi takan ci gaba da kutsawa, silinda ta cika. In yana tafiya a hankali kuwa, fistan ne ke tura cakudar baya ta inda ta shigo. Ƙarfin ya ƙaura zuwa sama ke nan, ƙasa ta zama fanko.

To, a ina direban Kurfai yake buƙatar ƙarfi? A ƙasa. Motar da ta ɗauko buhunan wake da fasinja, ta bar kwaltar Baleyara ta gangara cikin Dallol Boso, a giya ta ɗaya da ta biyu take rayuwa. Da kamshaf mai dogon buɗi, sai direba ya danne totur ya riƙa wasa da kulochi kafin ta motsa, kulochin ya ƙone, injin ya yi zafi. A tsaye kuma tana karkarwa, tana shan mai, domin kwamfutar injin ba da wannan numfashin aka saita ta ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne birki. Na'urar da ke sauƙaƙa taka birki da zuƙar injin take aiki, kuma irin wannan kamshaf yana rage zuƙar idan injin na tafiya a hankali. Feda sai ta yi tauri a daidai bakin kasuwa, inda yara da jakuna ke tsallakawa.

Ko da kamshaf ɗin na asali ne, akwai aikin da ake tsallakewa. A 4A-FE, bel yana juya sanda ɗaya ne, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da haƙoran giya, kuma akwai alamun da dole su haɗu. Haƙori ɗaya ya goce, motar za ta tashi, amma ba za ta sake zama daidai ba. Murafen da ke danne sandar suna da lamba da kibiya, tare da kan injin aka huda su a masana'anta, ba a musanya su da na wani inji. Ratar da ke tsakanin tozo da bawul ɗin shiga kuma milimita 0.15 zuwa 0.25 ce idan injin ya huce. Sabuwar sanda ta shigo, dole a sake auna kowace rata a canja faifan da ke ƙarƙashinta. Sau da yawa ana rufe murfi ne kawai a ce "ta yi", alhali ma'aunin ratar bai kai kuɗin mai na zuwa Yamai ba.

Ba na ɗora wa makanikai laifin duka. Mai sayar da kaya yana zuba sanduna a tari ɗaya, ba lamba ba shekara, ya ce duk ɗaya ne. Masu duba lafiyar mota sun fi kula da takarda da fitila. Cibiyoyin koyon sana'a da aka buɗe a garuruwanmu ya kamata su riƙa yaye yara da ma'auni a aljihu. Mai mota kuma ya duba lambar da aka buga a jikin injinsa kafin ya aika kuɗi Yamai, ya ce sandar wannan injin yake so, ta wannan shekarar.