Jinkirin Cire Yanar Ido ga Yara a Minna da Abin da Yake Haifarwa

Yanar ido, wato dishewar ƙwayar da ke tattara haske a cikin ido, cuta ce da aka fi alaƙanta ta da tsufa, amma akan haifi jariri da ita, musamman idan uwa ta kamu da ƙyandar Jamus a farkon ciki. A Minna da ƙauyukan da ke kewaye da ita, irin wannan yaro yakan daɗe bai ga likitan ido ba, domin iyaye kan ɗauki farin ɗigon da ke tsakiyar idonsa a matsayin abin da zai washe da kansa, wasu kuma su fara da tozali da maganin gargajiya. Ko an kai shi Babban Asibitin Minna, aikin idon jariri yana bukatar ƙwararren mai sa barci da kayan aiki na musamman, don haka sau da yawa maganar takan kai ga tafiya Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda kuɗin mota da na masauki kan sa talaka ya ɗage ta sai bayan kaka.

Illar wannan jinkiri ta zarce ido. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami lambar Nobel a 1981, sun nuna a kan 'yan kyanwa cewa idan aka rufe ido ɗaya a makonnin farko na rayuwa, sashen gani da ke ƙeyar ƙwaƙwalwa yakan miƙa mafi yawan ƙwayoyinsa ga idon da ke buɗe, kuma ko an buɗe ɗayan daga baya ba ya dawo da gani sosai. Haka abin yake ga ɗan Adam, shi ya sa likitoci ke son a cire yanar da aka haifi yaro da ita cikin watanni biyu na farko. Dattijon da aka yi wa aiki yakan gani washegari saboda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta koyi gani, amma yaron da ya kai shekara bakwai ba lallai ba ne.

Daga nan matsalar takan zama jinya mai tsawo: tabarau mai kauri, da rufe lafiyayyen ido da filasta na sa'o'i kullum domin tilasta wa raunannen aiki, abin da yaro ke ƙi, abokan wasa kuma ke yi masa ba'a. Uwa ce ke ɗauke da nauyin, ga zargin dangin miji, ga rashin barci, har ciwon damuwa ya kama ta ba tare da an tambaye ta ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci, sai dai ƙarancin likitocin taɓin hankali ya sa ɗakin duba ido har yanzu auna gani kawai yake yi, alhali uwar da ta karaya ita ce ke fara daina kawo yaro a ranar da aka ba su.