Zaƙaƙuran Ɗalibai Da Bashin Al'umma: Darasi Daga Jami'o'in Amurka

A duk lokacin da wata jami'a ta ƙasar nan ta yi bikin yaye ɗalibai, abin da kan fi ɗaukar hankalin jaridu shi ne yawan waɗanda suka fita da digiri mai daraja ta ɗaya, wato waɗanda makinsu ya kai 4.50 cikin 5.00. Akan kira su gaban taro, a miƙa musu takardar yabo da ɗan abin da ya samu, iyaye su yi ta murna, daga nan kuma sai kowa ya kama gabansa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, a shekaru huɗu ko biyar da waɗannan yara suka yi a cikinmu, me mutanen unguwannin da ke bayan katangar jami'a suka ƙaru da shi daga basirarsu? Wannan tambaya ce ta sa nake son mai karatu ya biyo ni mu leƙa wata daɗaɗɗiyar al'ada ta jami'o'in Amurka, inda ake tara irin waɗannan ɗalibai cikin ƙungiyoyin girmamawa, sannan a ɗora wa rassansu aikin hidimar jama'a.

Asalin ƙungiyoyin

Uwar waɗannan ƙungiyoyi ita ce Phi Beta Kappa, wadda wasu ɗalibai suka kafa ranar 5 ga Disamba, 1776, a Kwalejin William da Mary da ke Jihar Bajiniya, a shekarar da Amurka ta shelanta 'yancinta daga Ingila. Sunan nata haruffa ne guda uku na Girkanci, kowane ɗaya farkon kalma ne a cikin takenta, wanda ma'anarsa ita ce son ilimi shi ne jagoran rayuwa. Da farko ƙungiyar muhawara ce mai rantsuwa da sirri da wata gaisuwar hannu ta musamman. Sai a 1831, lokacin da jama'ar Amurka suka taso wa ƙungiyoyin asiri, reshenta na Jami'ar Habad ya yi watsi da sirrin, sannu a hankali ta rikiɗe ta zama ƙungiyar karrama masu hazaƙa kawai. A 1875 reshen Jami'ar Bamont ya soma karɓar mata.

Daga nan sai wasu suka biyo baya, kowace da fagenta. Tau Beta Pi ta injiniyoyi ta bayyana a Jami'ar Lehigh a 1885. Phi Kappa Phi, wadda ke karɓar ɗalibai daga kowane fanni, ta fito a Jami'ar Maine a 1897. A 1918 aka kafa Phi Theta Kappa a Jihar Misuri domin kwalejoji masu karatun shekara biyu, sannan Beta Alpha Psi ta masu karatun akanta ta zo a 1919. Da suka yi yawa, har na-gari da na-banza suka soma cakuɗuwa, sai a 1925 aka kafa wata majalisa ta ƙasa da za ta tsara ƙa'idojin da ƙungiya za ta cika kafin a ɗauke ta da daraja.

Ya kamata in yi wa mai karatu wani bayani a nan, domin na san idan ɗan Nijeriya ya ji an ce ƙungiyar ɗalibai mai baƙon suna, zuciyarsa takan tafi ga 'yan ƙungiyar asiri. Muna da dalili. Ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952 ta fara ne da kyakkyawar manufa, amma waɗanda suka ɓalle ko suka kwaikwaye ta daga baya sun mayar da harabar makarantu fagen zubar da jini. Ƙungiyoyin da nake magana a kansu sun sha bamban da waɗannan. Sunayen mambobinsu a bayyane suke, kowane reshe yana da malami mai ba shi shawara, kuma sakamakon jarrabawa ne ke shigar da mutum. Tau Beta Pi, alal misali, tana ɗaukar kashi ɗaya cikin takwas na sama a ajin shekara ta uku, da kashi ɗaya cikin biyar na sama a ajin ƙarshe, bayan an tabbatar da kyawun halin ɗalibi.

Yadda suke hidimar

Ba duka suka ɗauki hidimar jama'a da nauyi ɗaya ba. Phi Beta Kappa ta fi karkata ga karramawa da shirya laccocin manyan masana. Wadda ta fi kowa tsara al'amarin, a nawa ganin, ita ce Phi Theta Kappa, mai hedikwata a birnin Jakson na Jihar Misisifi, wadda ta gina kanta a kan ginshiƙai huɗu: ilimi, da shugabanci, da hidima, da zumunci. Duk bayan shekara biyu takan fitar da babban maudu'in nazari guda ɗaya. Kowane reshe zai zaɓi ɓangare daga ciki, ya karanta abin da masana suka rubuta a kai, har da masu saɓanin ra'ayi, ya gano yadda matsalar ta shafi garin da kwalejin take, ya nemo abokan aiki a cikin garin, ya aiwatar da wani abu, sannan ya rubuta rahoton abin da aka cim ma da abin da ya gagara. Akwai kuma aiki na biyu da reshen zai yi tare da hukumar kwalejinsa, bisa buƙatar da shugabannin makarantar suka nuna. Da waɗannan rahotanni ne ake auna reshe, ana ba shi daraja daga tauraro ɗaya zuwa biyar.

Abin lura a nan shi ne bincike ke gaba, aiki ke biye. Ɗalibin da ya yi niyyar taimaka wa marasa galihu sai ya fara sanin su wane ne, nawa ne, me aka taɓa gwadawa, me ya sa bai yi nasara ba. Ta haka hidimar kan zama ci gaban karatun aji.

Misali na biyu shi ne na masu karatun akanta. A Amurka, ranar 15 ga Afrilu ce wa'adin miƙa takardun harajin shekara, kuma takardun suna da sarƙaƙiyar da talaka kan rasa kuɗin da gwamnati ya kamata ta mayar masa saboda bai iya cike su ba. Tun 1971, daga wata jami'a a Kalifoniya, aka soma shirin da ɗalibai ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi waɗannan takardu kyauta, ƙarƙashin kulawar hukumar haraji ta ƙasar. Rassan Beta Alpha Psi da dama suna cikin masu gudanar da shi. Kuma ba a barin ɗalibi ya taɓa takardar kowa sai ya ci jarrabawar da hukumar ta tsara. Talaka ya samu haƙƙinsa, ɗalibi kuma ya goge a sana'arsa tun kafin ya karɓi digiri.

Sai kuma yaƙi da jahilci. Ƙungiyar Mortar Board ta ɗaliban ajin ƙarshe ta mayar da koyar da karatu babban aikinta na ƙasa tun 2002, rassanta suna tara littattafai suna kuma zuwa makarantun firamare suna karanta wa yara. Phi Kappa Phi takan ba da tallafin da ya kai dala 2,500 ga reshe ko mamban da ya kawo tsarin yaɗa karatu mai ma'ana. Injiniyoyin Tau Beta Pi su kuma sukan shiga makarantu su koyar da lissafi da kimiyya ta hanyar haɗa abubuwa da hannu.

Akwai kuma fannin wayar da kan 'yan ƙasa. Gyaran da aka yi wa dokar ilimi mai zurfi ta Amurka a 1998 ya wajabta wa jami'o'in da ke cin gajiyar kuɗin tarayya su yi ƙoƙarin raba wa ɗalibansu takardun rajistar zaɓe, kuma rassan waɗannan ƙungiyoyi na daga cikin masu kafa tebur a harabar makaranta domin wannan aiki, ba tare da tallata wata jam'iyya ba. Binciken da Jami'ar Tufts ke gudanarwa ya nuna cewa ɗaliban da suka kaɗa ƙuri'a sun tashi daga kashi 52 cikin 100 a zaɓen 2016 zuwa kashi 66 a na 2020. Dalilan wannan tashi suna da yawa, har da zafin siyasar lokacin, amma sauƙaƙa rajista a cikin makaranta yana da nasa rabon.

Inda gizo ke saƙa

Kada mai karatu ya zaci komai zuma ne. Su kansu Amurkawan suna sukar wannan al'ada ta fuskoki uku. Na farko, akwai ƙungiyoyin bogi da ke aika wa ɗalibai wasiƙar taya murna, su karɓi kuɗin rajista, su ba da takardar shaida, shi ke nan. Na biyu, akwai ƙirgar sa'o'i, inda ɗalibi zai je ya share titi na awa biyu, a ɗauki hoto, ya rubuta a takardar neman aiki cewa shi mai hidimar al'umma ne. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne girman kai irin na mai ilimi. A 1968 masanin nan Ivan Illich ya tsaya gaban wasu matasan Arewacin Amurka masu zuwa aikin sa-kai a ƙauyukan Meksiko, ya faɗa musu ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa kyakkyawar niyya ba ta wadatar ba, tunda yawancinsu ba su ma iya magana da mutanen da suka zo taimaka wa ba. A matsayina na mai nazarin harshe, wannan batu nasa ya fi komai taɓa ni. Wanda bai saurari mutane da harshensu ba, zai yi wuya ya san abin da ke damunsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ina muka tsaya?

Mu ba baƙi ba ne ga aikin gayya. Kakanninmu sun yi noma da gini da yashe rijiya ta wannan hanya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi gangamin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, kuma Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. Shirin yi wa ƙasa hidima da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 yana da rana ta musamman ta aikin raya al'umma. Tsangayoyin shari'a na wasu jami'o'inmu suna da cibiyoyin da ɗalibai ke ba da shawarar shari'a kyauta, har suna ziyartar gidajen gyaran hali domin waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a. Jami'ar Amurka da ke Yola ma ta sanya hidimar al'umma cikin manhajarta. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne tsayayyen tsarin da zai haɗa hazaƙa da hidima, wanda ba zai mutu da tafiyar shugaban jami'a ko yaye wani aji ba.

Shawarata ita ce kowace tsangaya ta tara ɗaliban da suka fi fice tun daga aji biyu, a ba ƙungiyar suna da harshenmu, a haramta karɓar kuɗin shiga, a naɗa mata malami mai kula wanda za a lissafa masa wannan aiki wajen ƙarin girma. Kowace shekara ta ɗauki aiki guda ɗaya tak, wanda ya dace da fanninta, a unguwa ko ƙauye guda, bayan an zauna da mai unguwa da limamai da shugabannin mata da matasa. A ƙarshe ta rubuta rahoto a ajiye a ɗakin karatu domin na baya su ɗora.

Bari in ba da misali da fannina. Takardar da ke cikin kwalin magani da Ingilishi take, haka takardar yarjejeniyar tiyata, haka sammacin kotu, alhali mafi yawan masu karɓarsu a Arewa ba sa jin wannan harshe, da yawa kuma ajami suka iya karantawa. Ɗaliban harsuna goma, tare da takwarorinsu na haɗa magunguna da na shari'a, za su iya fassara waɗannan takardu zuwa Hausa da Fulfulde da Kanuri, da boko da ajami, su gwada su a kan ainihin masu amfani da su, ƙwararru su duba kafin a buga. Haka nan Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, kuma a Jihar Bauchi kaɗai harsunan Ajawa da Gamo-Ningi da Kubi sun riga sun ɓace, masu su sun koma Hausa. Ɗalibin da ya fito daga ƙaramar ƙabila, da wayar hannunsa da horon mako biyu, zai iya naɗar tatsuniyoyi da sunayen itatuwa da magunguna daga bakin tsofaffin garinsu kafin su kau. Mu Hausawa, da harshenmu ke haɗiye waɗannan ƙananan harsuna, mu ne muka fi cancanta mu ja gaba a wannan aiki.

Na san za a ce ina kuɗi, ina lokaci, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas, ga ɗaliban da su kansu da ƙyar suke cin abinci sau biyu. Gaskiya ne, kuma ko a Amurka sai da ɗaliban Jami'ar Jihar Mishigan suka buɗe rumbun abinci domin 'yan'uwansu mabuƙata a 1993, wanda shi ma darasi ne cewa hidima na iya farawa daga cikin gida. Amma yawancin ayyukan da na lissafa kuɗin mota da takarda kawai suke buƙata, kuma tsofaffin ɗalibai da ke manyan muƙamai za su iya ɗaukar nauyinsu idan sun ga tsari da riƙon amana.

Jami'o'in gwamnati da dukiyar jama'a ake gudanar da su, har da ta manomin da ɗansa bai taɓa taka ƙofar firamare ba. Shi ne rijiyar da ta ba da ruwa, bai kamata mu zama gugan da zai hana ba. Addininmu ya koyar da mu cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi amfanar mutane. Ina kira ga majalisun jami'o'inmu da shugabannin tsangayoyi da su gwada wannan tsari ko da a sashe ɗaya ne a zangon karatu mai zuwa, a auna sakamakonsa bayan shekara, sannan a yanke hukunci. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma sa mu amfanar da shi, amin.