Yadda igiyar maikurowef ke kashe bam kafin ya tashi

Duk mai waya ya san abin da ke faruwa idan aka kawo wuta da ƙarfi fiye da kima: caja ta yi ƙauri, allon cikin waya ya ƙone. Wannan raunin na kayan lantarki shi ne injiniyoyin soja suka mayar makami a kan bama-bamai ƙirar gida, waɗanda ake kira IED.

A yaƙin Iraƙi da na Afghanistan, irin waɗannan bama-bamai na gefen hanya sun kashe sojojin Amurka masu yawa, har ta kai a 2006 ma'aikatar tsaron ƙasar ta kafa hukuma ta musamman, JIEDDO, don yaƙi da su. Da yawansu daga nesa ake tayar da su da waya ko rimot. Matakin farko shi ne na'urorin toshe sigina da ake ɗora wa motoci, masu cika iska da hayaniya har saƙon ya kasa isa. Dabarar ta yi kama da abin da aka yi a Borno a 2013, lokacin da aka katse layukan waya. Sai dai toshewa ba kashewa ba ce. Da zarar motar ta wuce, bam ɗin na nan lafiyarsa lau, yana jiran na baya.

Nan ne maikurowef mai ƙarfi ya shigo. Igiyar dangin wadda Wi-Fi da na'urar ɗumama abinci ke amfani da ita ce, su biyun suna aiki a kusan gigahaz 2.4. Bambancin yana wajen ƙarfi. Na'urar ɗumama abinci tana fitar da kusan wat 1,000, ita kuwa ta soja tana iya kai wat biliyan ɗaya. Ba wata babbar tashar lantarki take ja a baya ba. Tana tara caji ne a hankali cikin kafasita, sannan ta sake shi gaba ɗaya cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, kamar a cika randa da ɗigo a kuma kifar da ita lokaci guda. Eriya ce ke tattara wannan bugun ta nufa shi gaban mota.

Idan igiyar ta isa, duk wata wayar ƙarfe da ke jikin bam ɗin sai ta zama eriya, ta zuƙi wuta ta kai ta inda ba a so. Taransistocin cikin cif ƙanana ne ƙwarai, 'yan bolt kaɗan suke ɗauka, don haka ko su rikice ko su ƙone. Wani lokaci kuma wutar kan tayar da bam ɗin nan take, tun motar tana nesa. Sojoji ma sun fi son hakan, domin bam ɗin da aka ƙona wa cif bai daina zama bam ba, dole ƙwararru su je su tone shi.

Sashen bincike na rundunar saman Amurka ya ƙera irin wannan na'ura mai suna MAX POWER, aka ɗora ta a kan babbar mota mai sulke, aka gwada ta a Afghanistan a 2012. Kamfanin Diehl na Jamus shi ma yana da nasa.

Amma ba maganin komai ba ce. Ƙarfin igiyar na raguwa da sauri in ta yi nisa, na'urar tana da nauyi da tsada, kuma ba ta san na gida ba: wayar mai shago, rediyon soja da kwamfutar motar farar hula duk ɗaya ne a wurinta. Shi ya sa ta fi dacewa da hanyar daji, ba tsakiyar kasuwa ba. Yanzu dai kuɗin bincike sun fi karkata ga jirage marasa matuƙi: a 2023 sojojin ƙasa na Amurka suka ba kamfanin Epirus kwangilar kusan dala miliyan 66 kan na'urarsa Leonidas, mai kakkaɓo tarin irin waɗannan jirage da bugu ɗaya.