Moldova: Ƙasar da Kowane Mai Mulki Ke Sake Yankawa

Ƙasa mai mutane kusan miliyan 2.4, amma tana ɗauke da gundumomi 32 da majalisun garuruwa da ƙauyuka kusan 900, ai dole kaya su yi mata nauyi. Halin da Jamhuriyar Moldova ke ciki ke nan, shi ya sa a 2023 aka yi dokar da ta ba ƙauyuka damar haɗewa bisa raɗin kansu. A ganina ciwon ya wuce yawan ofisoshi. Duk wanda ya hau mulki a wannan yanki, sai ya sake yanka ƙasar yadda zai ji daɗin riƙe ta.

Tsohuwar masarautar Moldabiya, wadda Moldova ta yau ta kasance ɓangarenta, ta kasu ne zuwa yankuna da ake kira tsinut, galibi kowanne ya jingina da wata ganuwa ko kasuwa: Suceava, Neamț, Hotin, Soroca, Orhei. Manomi ya san inda zai kai haraji, ya san inda zai kai ƙara. Ko a wancan zamani kuɗi ne ke jan akala, domin a shekarun 1740 Sarki Constantin Mavrocordat ya naɗa musu ispravnic, masu aiki kamar na hakimai, don haraji ya iso fada.

Daga nan baƙi suka zo da wuƙa. Ostiriya ta yanke yankin Bukovina a 1775. Rasha ta ɗauke gabashin kogin Prut a 1812, har tsinut ɗin Iași ya rabu biyu, ɗan ƙauyen gabas ya wayi gari birninsa yana wata ƙasa. Tarayyar Sobiyet ta daddatsa yankin zuwa ƙananan gundumomi masu sauƙin sa ido da ake kira rayon. A 1999 Moldova ta koma manyan gundumomi, a 2003 gwamnatin 'yan kwaminis ta rushe su ta dawo da rayon. Shekara huɗu kacal! Wane tsari ne zai yi saiwa a haka?

Masu kare rayon suna cewa tsohuwar da ke neman takardar fansho ba ta da kuɗin motar zuwa hedikwata mai nisa. Gaskiyarsu, amma ofishi a ƙofar gida wanda bai iya gyara famfon ƙauye ba, me ya tsinana mata?

Romaniya, wadda yammacin Moldabiya ke cikinta, ta watsar da rayon a 1968 ta dawo da gundumominta na gargajiya, kuma a kansu take har yau.