Mi ke faruwa in an gama ruwan gishiri iri biyu?

Masana suna kiran abubuwa da yawa da sunan gishiri. Gishirin miya, irin wanda azalai ke kawowa daga Bilma, guda ne daga cikinsu. Kanwar Manga ita ma gishiri ce. Haka nan alif, wanda wasu ke kira alam. Kowanensu yana da ƙarfe ɓoye cikinsa. A gishirin miya da kanwa, sunan ƙarfen sodiyam. A alif kuwa akwai alminiyam, ƙarfen da ake yin tukwane da cokula da shi.

In aka narka iri biyu, aka gama ruwansu, ko wani sabon abu yana fitowa? Wani lokaci yana fitowa, wani lokaci ba ya fitowa. Ana iya gwadawa a gida da kofi 3.

A jiƙa gishiri a kofi na 1, kanwa a na 2, alif a na 3. A tace kowane da tsabtataccen ƙyalle.

Da farko a gama ruwan gishiri da rabin ruwan kanwa. Ba a ganin komi. Sun gauraya ne kurum, don ƙarfensu iri ɗaya ne. In ruwan ya bushe, gishiri da kanwa na nan yadda suke.

Sai a zuba sauran ruwan kanwa cikin ruwan alif. Nan da nan ruwan ya yi fari, kumfa ta taso. Kumfar iska ce, irin ta lemon kwalba. Farin abin kuma alminiyam ne ya rabu da abokin zamansa, ya zama wani abu mai yauƙi wanda ruwa ba ya narkarwa. Jim kaɗan sai ya kwanta a gindin kofi.

Ga alamun da ake dubawa: laka ta kwanta, ko iska ta tashi, ko launi ya sake.

Wannan sani yana da amfani ga mai shan ruwan tabki. In an sa alif kaɗan cikin tulu, farin abin nan mai yauƙi yana samuwa, ya kama laka ya ja ta ƙasa. Alif in ya yi yawa, ruwan ya yi bauri. Amma a lura: alif ba ya kashe ƙwayoyin zawo da kwalara. Ruwa yana iya yin garau da cuta cikinsa. Bayan ya kwanta, a tsiyaye shi, a tafasa, kana a ba yara.