KUSKUREN MATUƘI A WAJEN SAUKA: YADDA HUKUMA KE BIN DIDDIGI

Duk lokacin da aka ce jirgin sama ya faɗi, tun hayaƙi bai lafa ba sai magana ta bazu a gari cewa kuskuren matuƙi ne. Jama'a su kama, wasu jaridu su buga, a yi jaje a yi addu'a, daga nan sai a rufe zancen. Amma fa ga ma'aikatan da aka ɗora wa nauyin binciken haɗuran jiragen sama, daga wannan magana ne aikinsu yake somawa. Abin da suke nema shi ne dalilin da ya sa mutum mai horo, wanda ya yi dubban sa'o'i yana tuƙi, wanda kuma ransa yana cikin jirgin nan kamar na kowane fasinja, ya aikata abin da ya aikata a 'yan daƙiƙun ƙarshe. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Masana sun daɗe da tabbatarwa cewa babu lokacin da ya fi haɗari a tafiyar jirgin sama kamar na sauka. Ƙididdigar da kamfanin Boeing ke bugawa shekara-shekara ta nuna cewa kusantar fili da sauka ba su wuce kashi 4 cikin 100 na lokacin tafiya ba, amma a cikinsu ne wajen rabin haɗuran da ke cin rayuka suke aukuwa. Dalili kuwa a fili yake. A lokacin jirgi ya rage gudu, yana daf da ƙasa, aiki ya yi wa matuƙa yawa, kuma in an yi kuskure babu sararin gyarawa.

ABIN DA ƘASAR NAN TA GANI

Nijeriya ta ɗanɗana wannan masifa fiye da sau ɗaya. Ran 20 ga Nuwamba, 1969, jirgin kamfanin Nigeria Airways ƙirar VC10, wanda ya taso daga Landan ya biyo ta Rum da Kano, ya faɗi wajen kilomita 13 kafin ya kai titin sauka na Legas. Mutum 87 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Bincike bai tsaya a kan dalili guda ba, amma ya fi karkata ga cewa matuƙan ba su lura da yadda jirgin ya yi ƙasa ba.

Ran Litinin 22 ga Janairu, 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ta yi shata don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas, ya karkata zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas. Da ya zo sauka ana iska, sai tayar gaba ta riga na baya taɓa ƙasa, ƙafafun jirgin suka karye, ya juya ya bar titi, wuta ta kama. Daga cikin mutum 202, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. A lokacin nan babu wani haɗarin jirgin sama a duniya da ya taɓa cin rayuka kamar haka. Bayan shekara goma kuma, ran 28 ga Nuwamba, 1983, wani jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker F28 da ya taso daga Legas ya doki ƙasa kafin ya kai titin Inugu a yanayin da ba a gani sosai, mutum 53 suka mutu daga cikin 72.

TSAYIN YANKE SHAWARA

Domin mai karatu ya fahimci inda kuskure ke shigowa, ya kamata a bayyana yadda ake saukar da babban jirgi. A manyan filaye akwai na'urar rediyo a gefen titi wadda ke aika wa jirgi alamu iri biyu. Ɗaya tana nuna masa tsakiyar titi, ɗayar kuma tana nuna masa gangarar da zai bi, wadda yawanci digiri 3 ce. Da wannan na'ura matuƙi yana iya gangarowa cikin gajimare, ko ruwan sama, ko hazon hunturu, ba tare da yana ganin kome a waje ba. Matuƙa biyu ne a gaba: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana lura da agogunan jirgi yana faɗin tsayi da gudu da babbar murya.

Amma wannan gangarowa tana da iyaka. Kowane titi yana da wani tsayi da aka rubuta a taswirar sauka, wanda ake kira tsayin yanke shawara. In jirgi ya kai wannan tsayi, matuƙi bai ga titi ko fitilunsa ba, doka ba ta ba shi zaɓi ba: tilas ya ƙara wa injuna wuta, ya ɗaga sama, ya zagayo ya sāke gwadawa, ko kuwa ya nufi wani fili. Har ila yau kamfanoni da yawa suna da ƙa'idar cewa in jirgi ya sauko ƙafa 1,000 daga ƙasa cikin gajimare, ko ƙafa 500 in gari ya yi garau, alhali gudunsa ko gangararsa ba su daidaita ba, to a fasa saukar.

Fasa sauka ba abin kunya ba ne, kuma an koya wa kowane matuƙi yadda ake yinsa. Sai dai zuciyar ɗan Adam tana da nata hali. Mutum ya gaji, ya ga ya kusa isa, yana tunanin man da zai ƙone da fasinjojin da za su makara, sai ransa ya riƙa raya masa cewa in ya ƙara saukowa kaɗan zai hango titi. Wannan "kaɗan" ɗin ita ce ta hallaka mutane da dama.

DARASIN FATAKWAL

Haɗarin da ya fi nuna wannan a fili a ƙasar nan shi ne na ran Asabar 10 ga Disamba, 2005. Jirgin kamfanin Sosoliso ƙirar DC-9 ya taso daga Abuja zuwa Fatakwal da mutum 110, fasinja 103 da ma'aikata 7. Da rana tsaka ce, amma hadari ya rufe filin, ana ruwa da iska. Tsayin yanke shawara na titin nan ƙafa 307 ne. Jirgin ya kai wannan tsayi matuƙa ba su ga titi ba, suka ci gaba da gangarowa. Sai da suka kai wajen ƙafa 204 sa'an nan suka yi niyyar ɗagawa, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Jirgin ya doki ciyawar da ke gefen titi, ya ci karo da wata magudanar ruwa ta kankare, ya tarwatse, wuta ta tashi. Mutum 108 suka rasu, cikinsu har da ɗalibai 60 na Kwalejin Loyola da ke Abuja, waɗanda ke kan hanyar zuwa gida hutu. Mutum biyu rak suka rayu.

Rahoton masu bincike bai ɓoye kome ba game da matuƙan: ya ce babban dalilin haɗarin shi ne shawarar da suka yanke ta wuce tsayin nan ba tare da sun ga titi ba, da jinkirin da suka yi wajen fasa sauka. Amma rahoton bai tsaya nan ba. Ya ambaci mummunan yanayi da juyin iska na farat ɗaya, watau irin wanda iskar da ke bugun jirgi ta gaba za ta koma tana tura shi ta baya, gudunsa a cikin iska ya ragu, ya nutso ƙasa. Ya ambaci cewa fitilun filin ba a kunne suke ba, abin da mai yiwuwa ya hana matuƙan hango titi. Ya kuma ambaci magudanar nan ta kankare da aka bari a tsaye a gefen titi, wadda karo da ita ne ya wargaza jirgin. Ashe ke nan kuskuren da aka yi a ɗakin tuƙi ya tarar da wasu kurakurai suna jiransa a ƙasa. Da an tsaya ga cewa laifin matuƙi ne kawai, da babu wanda zai waiwayi fitila ko magudana.

YADDA AKE BINCIKEN

Binciken haɗarin jirgin sama yana bin tsari guda a duk duniya. Tushensa yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Cikago na Amurka a 1944, wadda ta haifi Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO. A Rataye na 13 na yarjejeniyar ne aka shimfiɗa ƙa'idodin bincike. Ƙasar da haɗarin ya auku a cikinta ita ke jan ragama, amma ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, da ƙasar kamfanin da ke aiki da shi, da ƙasar da ta tsara shi ta ƙera shi, kowace tana da ikon aiko da wakili.

Aikin farko shi ne a killace wurin, domin ko ƙaramin ƙarfe da wani ya tsince ya tafi da shi yana iya zama shaidar da ake nema. Ana auna inda jirgin ya fara taɓa ƙasa da sawun da ya bari, a zana taswirar inda kowane ɓangare ya faɗi. Daga yanayin da aka sami fukafukai da ƙafafu za a gane ko jirgin a shirye yake don sauka, daga yadda ƙarafan cikin inji suka lanƙwashe kuma za a gane ko injin yana juyawa da ƙarfi sa'ad da aka yi karo.

Sa'an nan sai abin da jama'a ke kira baƙin akwati, ko da yake launinsa ruwan lemo ne domin a yi saurin ganinsa cikin tarkace. Akwatunan biyu ne. Ɗaya yana adana bayanan tafiya, kamar tsayi, da gudu, da ƙarfin injuna, da duk motsin da aka yi wa sitiyari, na tsawon sa'a 25. Ɗayan kuma yana ɗaukar muryoyin matuƙa da duk wata ƙara a ɗakin tuƙi. A dā minti 30 kawai yake riƙewa, daga baya aka mai da shi sa'a 2, sababbin manyan jirage kuwa an ɗaga nasu zuwa sa'a 25. Masu bincike sukan jera bayanan akwatunan nan tare da maganganun da aka yi da hasumiya da rahoton yanayi, daƙiƙa bayan daƙiƙa, har su san abin da matuƙi ya gani, da abin da ya ji, da lokacin da ya motsa hannunsa. Muhimmancin akwatunan ya bayyana a haɗarin jirgin Bellview na Oktoba 2005 a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun, inda mutum 117 suka mutu jim kaɗan bayan tashi daga Legas: ba a same su ba, saboda haka bincike bai iya tsayar da dalili tabbatacce ba.

Bayan wannan sai a koma kan mutanen. Wane horo aka ba matuƙin, yaushe aka gwada shi na ƙarshe? Sa'a nawa ya yi yana aiki, ya kuwa sami barci? Shin mataimakinsa ya ga kuskuren amma nauyin kyaftin ya hana shi magana? Shin kamfanin yakan tuhumi wanda ya fasa sauka saboda kuɗin mai? Shin hasumiya ta sanar da su canjin yanayi a kan kari? Ƙa'ida ta ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, cikakken rahoto kuma in da hali cikin wata 12, tare da shawarwarin gyara.

ME YA SA BA A NEMAN MAI LAIFI?

Rataye na 13 ya faɗa ƙarara cewa manufar binciken guda ce tak, watau hana aukuwar irin haɗarin nan gaba. Ɗora laifi ko biyan diyya aikin kotu ne da hukumomin ladabtarwa, kuma an raba hanyarsu da ta masu bincike. Wannan yakan yi wa iyalan mamata ciwo, amma akwai hikima a ciki. In matuƙi ko ma'aikacin hasumiya ya san maganarsa za ta kai shi gidan yari, zai kame bakinsa, gaskiya ta bi shi kabari.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. Ran 1 ga Disamba, 1974, jirgin kamfanin TWA ƙirar Boeing 727 ya doki wani dutse a Jihar Bajiniya yana kusantar filin Dulles na birnin Washinton, mutum 92 suka hallaka. Matuƙan sun fahimci izinin da hasumiya ta ba su ta wata fuska dabam, suka sauko da wuri. Da aka bi diddigi sai aka tarar makonni shida kafin nan wasu matuƙan kamfanin United sun yi irin wannan kuskure a wuri guda, suka sha da ƙyar, suka kai rahoto ga kamfaninsu, amma labarin bai kai ga sauran kamfanoni ba. Sakamakon haka aka tilasta sanya na'urar gargaɗin kusantar ƙasa a manyan jirage, a 1976 kuma aka kafa tsarin da kowane matuƙi zai kai rahoton kuskurensa a asirce, hukumar NASA na tattarawa. Babu wanda zai iya ƙirga rayukan da waɗannan gyare-gyare biyu suka ceta.

SAURAN AIKI A GIDA

A nan Nijeriya, a dā sashen bincike yana ƙarƙashin Ma'aikatar Jiragen Sama ne kai tsaye, watau ma'aikatar tana binciken kanta ke nan. Dokar 2006 ta kafa hukuma mai cin gashin kanta da ake kira AIB, dokar 2022 kuma ta maye gurbinta da Hukumar Binciken Haɗura ta Nijeriya, watau NSIB, wadda aikinta ya haɗa har da jiragen ƙasa da na ruwa. Baƙin akwatin da a dā sai an kai ƙasashen waje kafin a karanta, an samar da ɗakin karanta shi a Abuja.

Wannan ci gaba ne, amma rahoto ba ya kunna fitila, ba ya rushe magudana. Shawarwarin masu bincike ba su da amfani sai hukumar da ke kula da kamfanonin jirage, da mai kula da filaye, da mai hasashen yanayi, da su kansu kamfanonin sun aiwatar da su. Hakki ne a kan 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa tambaya, bayan kowane rahoto, shawara nawa aka bayar, nawa kuma aka cika.

Su ma fasinjoji akwai nasu. In lokacin hazo ya zo, ko damina ta kankama, jirgi ya kusa taɓa ƙasa a Kano ko Sakkwato ko Fatakwal, sai aka ji injuna sun yi ruri ya sāke ɗagawa sama, ko aka ce an karkata zuwa wani gari, bai kamata a yi ta gunaguni ana zagin matuƙi ba. Mutumin nan ya kai tsayin yanke shawara, bai ga titi ba, ya bi doka. Ya cancanci a gode masa. Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda suka rasu.